Jami'ar Bayero: Wane Bayero Ake Nufi?

Jama'a, assalamu alaikum. Idan ka tsayar da matasa a Kabuga ka tambaye su sunan wane Bayero jami'ar nan ta ci, da yawa za su ce maka Ado. To ba shi ba ne. Mahaifinsa ne, Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953.

Kuma ba haka kawai aka ɗauko sunan aka liƙa ba. A zamaninsa ne, a 1934, aka buɗe makarantar horar da alƙalai a cikin birni, har aka ɗauko malamai daga Sudan. Ita ce a 1947 ta zama Makarantar Nazarin Larabci, wadda Kanawa suka fi sani da SAS. A harabarta aka soma abin da ya zama BUK a yau, a 1960, da sunan Kwalejin Ahmadu Bello. Da aka kafa jami'a a Zariya a 1962 aka sa mata sunan Sardauna, sai ta Kano ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero, a ƙarƙashin ta Zariyar.

Ku dubi dandazon ɗaliban da ke tururuwa a bakin ƙofa kowace safiya. A 1964, lokacin da kwalejin take zaman wucin gadi a tsohon otal ɗin filin jirgin sama, mutum 10 kacal aka ɗauka karatun digiri. Shugabanta a lokacin shi ne masanin Larabcin nan na Sudan, Farfesa Abdullahi Ɗayyib. Wannan asali bai ɓace ba. Har gobe ayar Suratu Yusuf ce taken jami'ar: "Wa fauƙa kulli zi ilmin alim", wato a saman kowane mai ilimi akwai wanda ya fi shi sani.

Daga baya aka tare a gefen badala, tsakanin Ƙofar Kabuga da Dukawuya. A 1975 ta samu matsayin kwalejin jami'a, Dakta Mahmud Tukur yana jan ragamarta, a 1977 kuma ta tsaya da ƙafarta. Da wuri ya yi kaɗan, aka gina sabon matsuguni a kan titin Gwarzo.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne ba ta raba gari da garin da ya haife ta ba. Cibiyarta ta nazarin harsunan Najeriya ce ta fitar da ƙamusun Hausa zalla a 2006, kalma da Hausa, bayani da Hausa. Likitocinta a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suke samun horo. Shi kuwa gidan Malam Aminu na Gwammaja, Mambayya, inda kabarinsa yake, jami'ar ce ke riƙe da shi a matsayin cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, kuma akwai ɗakin tarihi a ciki ga mai son ganin kayan da Malam ya bari.