Gobe za a huda mini guringuntsi, ga yadda na tsaya kan milimita 3

Assalamu alaikum ƴan uwa, mutanen Maradi ina wuninku, ya gida ya sanyi. Nan Liyon ta Faransa ƙarhe tara na dare ta gota, kuma tunda Nuwamba ta shigo agogonmu ɗaya da naku, wato yanzu haka na san a Ali Ɗan Sofo an gama isha'i an baje tabarmi ana hira. Ni kuwa ga ni zaune da ƴar rula a hannu da wata tasa, yanzu za ku ga abin da ke ciki.

Gobe in Allah ya kai mu ina da randebu ƙarhe goma, za a yi mini huji babba a kunnen hagu, cikin kwarmin nan na tsakiya mai kama da ƙoƙo, Turawa na ce mai konk. Tun da na faɗa a bidiyon wancan satin ƙanwata ta dame ni a WhatsApp, Yaya nawa ne girman, Yaya ni ma ina so, Yaya akwai mai bindigar huji a bakin kasuwa. To ƙanwata wannan bidiyon naki ne ke da ƙawayenki, ku zauna ku ji.

Mu dai yadda muka taso, ɗiya mace tun tana jinjira ake huda mata kunne, allura da baƙin zare, a shafa man kaɗe, bayan ƴan kwanaki a sa tsinke sannan ɗan kunne. Wancan fatar ƙasa ce mai laushi, jini na gudana cikinta sosai, sati shida zuwa takwas ta warke. Amma taɓa saman kunnenki ki ji, wannan mai tauri da ke lanƙwasa ya dawo, guringuntsi ne, kuma shi babu jijiyar jini a cikinsa ko ɗaya, wata siririyar fata da ta lulluɓe shi ita ke ciyar da shi. Shi ya sa ko ƙaramin huji a nan sai ya ci wata shida zuwa shekara kafin ya warke, babba kuwa yana iya wuce haka, kuma in ƙwayar cuta ta shiga wurin, jiki bai da hanyar kai mata yaƙi da sauri.

Maganar girma ita ta fi rikita ni da farko. In kin shiga intanet za ki ga ana rubuta 16g, 14g, 8g, wai geji, lissahin Amurka ne da aka aro daga ma'aunin kaurin wayar ƙarhe, kuma a juye yake, lamba na raguwa huji na ƙaruwa. Ɗan kunnen da kike sawa kullum 20g ne ko 18g, wato milimita 0.8 zuwa 1. Hujin guringuntsi da aka saba yi 16g, milimita 1.2. 14g milimita 1.6, 12g milimita 2, 8g ya ɗan haura 3, 6g milimita 4, 2g wajen 6, 0g kuwa milimita 8. Nan Faransa da milimita ake magana, kuma ni na fi son haka don kina iya ɗaukar rula ki gani da idonki.

Amma lamba a baki ba ta nuna komi, shi ya sa na kawo tasar nan. Ku duba, wannan ƙwayar gero ce, kusan milimita 2 zuwa 3. Wannan dawa, wajen 4. Ga wake, ga gyaɗa irin tamu da ta yi wa Maradi suna, ita ta kai 8 ko ta wuce. Jiya na ɗauki kowace na ɗora cikin kwarmin kunnena gaban madubi, wallahi gyaɗar nan da na ɗora sai na ga ta cinye wurin kaf, a hoton wasu kuwa gani nake ƙaramin abu ne, ashe su kunnensu ke da faɗi.

Ni da milimita 6 na je a raina. Tun ina yarinya in Bororo sun shigo kasuwa daga wajen Dakoro nake tsayawa ina kallon matansu, manyan zobba jere a gehen kunne tun daga sama har ƙasa, abin na burge ni har yau, kuma ina jin daga nan son abin ya shige ni ba daga Turawa ba. To da na je wurin mai hujin sati biyu da suka wuce, wata mata ce mai natsuwa, ba ta taɓa allura ba ranar, zama kawai muka yi. Ta haska tocila ta bayan kunnena don ta ga inda jijiyoyin fata suka bi, ta auna faɗin wurin da ke shimfiɗe, ta ɗiga alama da alƙalami ta ba ni madubi. Sai ta ce mini abu guda da ya sa na koma gida na yi kwana uku ina tunani, wai irin girman da nake so ba hudawa ake ba, akwai wani ƙarhe mai baki zagaye kamar bakin bututu, irin wanda lokotoro ke ɗibar fata da shi don gwaji, shi ake dannawa ya cire guringuntsin ɗungurungum. Abin da aka cire ya tahi kenan, guringuntsi bai tohowa. Ko kin cire ɗan kunnen bayan shekara goma, fata na iya ɗan matsewa amma gurbin na nan. Wasu masu hujin ma ba su yarda su yi shi sam, a wasu wurare doka na ɗaukar ƙarhen a kayan aikin likita.

Na ce to in fara da ƙarami mana in riƙa buɗawa a hankali kamar yadda ake yi wa fatar ƙasa. Ta ce guringuntsi ba ya miƙewa kamar fata, buɗa shi na da ciwo, yana cin lokaci, kuma nan ne ake samun ƙullutu da tsagewa. Gara ki zaɓi girman da za ki zauna da shi tun farko. Shi ne na sauko 8g, milimita 3 da ɗan kai, wanda allura babba mai rami ke iya yi. Zai fito a gan shi, in ya warke zobe mai kauri zai shiga, amma bai kai ya raunana ƙoƙon kunnen ba. Kuma kunne ɗaya kawai, don in samu gehen da zan kwanta.

Yanzu abin da ya fi damuna game da mu baƙar fata, kuma ba a cika faɗinsa a bidiyon Turawa ba. Keloyid. Kun san tabon nan da ke tasowa ya zama ƙullutun nama mai sheƙi yana ƙaiƙayi, yana ta girma har ya wuce inda ciwon yake, mu ya fi kamawa, kunne na cikin wuraren da ya fi so, kuma yana bin dangi. Na kira Inna na tambaye ta ko akwai mai shi a gidanmu, ta ce ita ba ta sani ba daga ɓangarenta ko na Baba, sannan na duba tabon lambar rigakafi da ke hannuna da wani ƙuna na murhu a ƙahwata, duk sun kwanta lumui. Ke ƙanwata ki duba naki. In ko tsagar wanzami ko ƙurji ya taɓa tasowa miki haka, ki haƙura da wannan hujin, don in an yanke keloyid sau da yawa dawowa yake. Haka mai ciwon suga, mai amosanin jini, mai shan maganin tsinka jini, mai ciki, sai lokotoro ya yarda tukuna.

Bindiga kuma don Allah a'a. Ita ba yanka take ba, tura ɗan kunne mai dakusasshen baki take da ƙarhi, tana iya farfasa guringuntsi, kuma robar jikinta ba ta shiga tukunyar tururin da ake kashe ƙwayoyin cuta. Allura sabuwa a leda, a buɗe ta gabanki, safar hannu, kayan da suka hito daga otoklab, wato tukunyar tururin nan. In babu wannan a inda kike, ki jira.

Shirin da na yi kuwa, na farko lokaci. Sai watan Agusta nake son zuwa gida, wata tara kenan, da gangan na lissafa. Ba zan yi huji in faɗa cikin ƙurar hunturu ko zufar Afrilu da zafi ke haura digiri 40 ba, ga biki, ga ɗaurin ɗankwali da ke danne kunne, ga ƴaƴan Yaya da za su haye ni. Yau na je an yi mini kitso shuku, duk an tattare sama, don kar mai kitso ta zo tana lanƙwasa mini kunne cikin satin farko. Hijabi na ware masu faɗi marasa roba, hular sanyi ma na sayi sakakkiya. Ga matashin nan na tahiya mai rami a tsakiya, kunnen zai shiga ramin in na juya cikin barci, rigar matashi kuma zan riƙa canzawa akai akai. Ƴan abin jin sauti da ake cusawa a kunne na ajiye su.

Ɗan kunnen farko na ƙarhen titan ne irin wanda ake sawa a jikin mutum a asibiti, miƙaƙƙe mai ɗan tsawo saboda kumburi, bayan sati huɗu zuwa takwas in koma a sa gajere. Ba zobe ba tukuna don zobe juyawa yake yana fama ciwo. Katako, roba, da gwal ɗin kasuwa da ba a san mi aka gauraya ba, wani ƙarhe wai shi nikel ne yawanci ke sa ƙaiƙayin nan, duk sai bayan an warke. Na ba da kahin alƙalami yuro 30, kusan jikka 20 kenan.

Wanki da serom kawai, ruwan gishirin farmasi na kashi 0.9, sau biyu a rana, a tsane da kompires mai tsabta. Ba alkol, ba man kaɗe, ba toka, ba juya ɗan kunne wai kar ya manne. Alwala kuma, shafar kunne sunna ce a Malikiyya, zan shafa a hankali ta gehe ba tare da na taɓa wurin ba, in tsane nan take.

Su Turawa ana ce musu in kunne ya yi ja a je asibiti, mu jan nan ba lallai a gan shi a fatarmu ba. Sai ki lura da zahi in kin kai bayan hannu kusa, kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana uku maimakon ya sauka, zogi mai hana barci, mugunya kore kore, zazzaɓi. In kin ga haka asibiti a ranar, kar ki cire ɗan kunnen da kanki ciwon ya rufe da mugunya ciki, kar kuma ki sayi kapso wurin mai talla a tire, don ƙwayar da ta fi shiga guringuntsi, sudomonas, amoksisilin ba ya kashe ta, in aka yi sake kwana kaɗan sai kunnen ya narke ya dunƙule har abada.

To bari in sa reveil. Da sahe sai na karya da kyau tukuna, mai hujin ta ce kar in zo da yunwa don jiri, zan dama kunu in ci burodi, in sa riga mai maɓalli a gaba wadda ba sai na cire ta kai ba, ga dabino da ruwa cikin jaka, kuma wata ƴar Zinder da muke aiki tare za ta raka ni. Ku sa ni a addu'a, in na hito zan kunna kamara ku gani tun kan ya kumbura. A gaida Inna, sai da sahe.