Ranar da Na Ɗora Gishirina a Kan Sikeli

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Ƙarfe shida da rabi na safe ke nan a nan inda nake, amma ku dubi taga, duhu ne ƙirin, domin lokacin sanyi a ƙasar nan gari ba ya wayewa da wuri. Yau ba ni da aiki, shi ya sa na ce bari in kunna kyamara tun daga kicin. Da yawanku kun yi ta tambaya, "Malam, ka rame, lafiya kuwa?" Lafiya lau, alhamdu lillahi. Na ma fi da lafiya. Amma akwai labari, kuma yau zan ba ku shi tun daga tushe.

Shekara ɗaya da rabi da ta wuce na je asibiti kan ciwon kafaɗa. Kafin in ga likita, ma'aikaciyar jinya ta ɗaura mini abin gwajin jini a hannu. Ta duba, ta yi shiru, ta ce in huta minti biyar ta sake. Ta sake har sau uku. 152 bisa 96. Ni kuwa garau nake jin kaina, ba ciwon kai, ba jiri, ba komai. Da na shiga wajen likita, tambayar farko da ya yi mini ita ce ko akwai mai hawan jini a gidanmu. Sai na kasa ba shi amsa nan take, domin abin da ya faɗo mini a rai shi ne hannun Baba.

Baba, Allah ya jiƙansa, yana da shekara 61 ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya yi shekara shida a haka. Ina nan ƙasar waje, a waya kawai nake ganinsa. Akwai ranar da muna magana ta bidiyo, aka kawo masa ruwa, ya ce a bar shi ya sha da kansa. Ya kama kofin da hagu, hannun na rawa, ruwan na zuba a ƙirjin rigarsa, na daman kuwa yana kwance a kan cinyarsa kamar ba nasa ba. Mutumin da ya ɗauke mu a kafaɗa ke nan. Kafin abin ya same shi, bai taɓa gwada jininsa ba ko sau ɗaya, don bai taɓa jin ciwo ba.

Na san wani zai ce, "Ai kowa da ajalinsa." Gaskiya ne, rai a hannun Allah yake, ba ni da ja a kan wannan. Abin da ya dame ni shi ne yadda mutum zai yi shekarun da aka rubuta masa, a kan ƙafafunsa ko a kan shimfiɗa ana juya shi. Wannan kam an ba mu abin yi a kansa.

To, gani ya kori ji. Bari in matso da kyamara. Ga ƙaramin sikelin kicin, ga gishiri. Ina zubawa a hankali... uku, huɗu, biyar. Giram 5 ke nan. Kun ga bai ma cika cokalin shayi sosai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai wannan a yini guda, daga safe har dare, a haɗa da duk abin da ya shiga bakinsa. Kuma ta ce abin da mutane ke ci a duniya, in aka yi kiyasi, ya ninka wannan har da ɗoriya.

Ranar da na fara yin wannan awon na ce ai ni ba na zuba gishiri da yawa a girki. Ashe ba a hannuna matsalar take ba, tana cikin leda da gwangwani. Burodi, taliyar da ake dafawa cikin minti uku, dunƙulen ɗanɗano, cuku, naman da aka sarrafa aka yayyanka, miyar kwalba. Ku dubi bayan wannan fakitin. An rubuta sodiyam giram 0.6 a kowane giram 100. In kuka ga sodiyam aka rubuta, ku ninka shi sau biyu da rabi, shi ne gishirin. Wato nan giram ɗaya da rabi ne, kuma ni a da ina iya cinye giram 200 na wannan a zama ɗaya ina kallon waya. Giram uku ke nan sun tafi, ban ko kunna murhu ba.

Yadda likitan ya bayyana mini: gishiri yana riƙe ruwa a jiki. Ruwa ya yi yawa a jini, jinin ya matsa wa bangon jijiyoyi, zuciya ta ƙara ƙarfin bugu don ta tura shi. Yini ɗaya ba komai ba ne. Shekara ashirin fa? Jijiyoyin su yi tauri, ƙoda ta gaji, wata rana wata 'yar jijiya a ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe. Ana cewa hawan jini ne in mutum ya kai 140 bisa 90 ko sama a gwaji fiye da ɗaya. Manya fiye da biliyan ɗaya ke ɗauke da shi a duniya, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba.

Ba zan ɓoye muku ba, makonni biyun farko da na rage gishiri abinci salam nake jinsa. Har na kusa komawa. Amma harshe yana sabawa. Na koma ƙara albasa, tafarnuwa, citta, barkono, in matsa lemun tsami a kai in an sauke. Bayan kamar wata guda na ci abincin da na saba saye a waje, na kasa gamawa don gishiri ya yi mini yawa. Akwai kuma gishirin da ake rage masa sodiyam a sa fotasiyam. An gwada shi a ƙauyuka 600 a ƙasar Sin, kan mutane kusan 21,000, aka fitar da sakamako a 2021, shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin ɗari. Sai dai mai ciwon ƙoda, ko mai shan wasu magungunan hawan jini, kada ya taɓa shi sai ya tambayi likitansa. Kuma tunda na ambaci magani, ni ma an ba ni ƙwaya ɗaya, kullum da safe nake sha. Ban daina ba, ba kuma zan daina da kaina ba. Don Allah kada wani ya kalli bidiyon nan ya ajiye maganinsa.

Abin da ya ƙara mini ƙwarin gwiwa shi ne labarin wani yanki na ƙasar Finlan da ake kira Kareliya ta Arewa. A wajen 1970 maza a can suna faɗuwa da ciwon zuciya suna tsakiyar ƙarfinsu, fiye da kusan ko'ina a duniya. A 1972 aka fara wani shiri ƙarƙashin wani matashin likita, Pekka Puska. Suka bi gida gida, shago shago: a rage man shanu a koma man tsirrai, a rage gishiri, a ci ganye, a bar taba. Cikin shekara arba'in mutuwar maza masu shekarun aiki daga ciwon zuciya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari. Mutanen nan jininsu bai canja ba, gadonsu bai canja ba. Abin da ke cikin tukunyarsu ne ya canja. Ni da nake tsoron gadon Baba, wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai.

Saura sukari. Ga gwangwanin lemo, mai mililita 330, ga kofin gilashi babu komai a ciki. Ku ƙirga tare da ni. Ɗaya, biyu, uku... takwas, tara saura kaɗan. Giram 35. Wa zai zuba cokali tara a shayi ya sha? Amma ni biyu nake sha duk daren da nake aiki, don in kori barci. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa babban mutum ita ce kamar giram 50 a yini, ta ce in an tsaya a 25 ya fi. Zuma tana cikin lissafin, ruwan 'ya'yan itace na kwali ma yana ciki, ko da an rubuta ba a ƙara masa sukari ba. Ɗan itacen da ka ci da haƙorinka shi ne ba ya ciki. Yanzu gorar ruwa nake tafiya da ita wurin aiki.

Karin kumallona ga shi nan, ba wani abin mamaki: dafaffen ƙwai, hatsin da ba a cire masa dusa ba, tuffa ɗaya. Da rana wake da ganye da kifi. Ana so mutum ya ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini, ban da dankali da rogo. Ni ba na auna wannan, rabin faranti nake cikawa da ganye kafin in zuba sauran. Kuma ina girki da kaina sau biyu a mako in raba a firji, domin na gane in na dawo a gajiye babu abinci, abin leda zan buɗe. A 2019 wani mai bincike a Amurka, Kevin Hall, ya ajiye mutum 20 a cibiyar bincike. Mako biyu abincin masana'anta, mako biyu abincin da aka girka daga ɗanyen kaya, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta suna cin ƙarin kalori kusan 500 kullum, suka ƙara kusan kilo ɗaya cikin mako biyu kacal.

To, gari ya waye, mu fita. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, sanyi ne sosai yau, kun ga numfashina yana hayaƙi. Wannan hanyar nake bi, minti talatin, kwana biyar a mako. In an haɗa minti 150 ke nan, shi ne mafi ƙarancin abin da ake so babba ya yi, tare da motsa jiki mai ƙarfafa tsoka sau biyu a mako. Saurin da ake so shi ne irin wanda nake yi yanzu, ina iya yi muku magana amma numfashina ya ɗan hau. Kada maganar taku dubu goma ta karya muku gwiwa. Wannan adadin daga tallar wata na'urar ƙirga taku ya fito a Japan a 1965. Wani bincike na 2019 kan mata tsofaffi kusan 17,000 a Amurka ya nuna masu taku 4,400 a yini sun fi masu 2,700 tsawon kwana, amfanin kuma yana ta ƙaruwa har wajen 7,500. Ga masu tsoron ciwon sukari kuma, an yi wani gwaji a Amurka kan mutum fiye da 3,000 da ke gab da kamuwa, aka fitar da shi a 2002. Waɗanda aka sa su rage nauyi kaɗan su riƙa tafiyar nan ta minti 150, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin ɗari. Waɗanda aka ba ƙwayar magani, kashi 31.

Barci shi ne inda har yanzu nake fama, saboda aikin dare. Ana so awa bakwai ko fiye. Na sa labule mai kauri, na daina shiga da waya shimfiɗa, kuma ba na shan kofi in ya rage awa shida in kwanta. Taba kuwa ban taɓa sha ba, amma ina da abokai masu sha, kuma saboda su zan faɗi wannan. An bi likitocin Birtaniya shekara hamsin tun daga 1951, aka ga mai shan sigari yana asarar kusan shekara goma. Wanda ya bari yana da shekara 40 ya ceto kusan tara daga ciki, wanda ya bari a 60 ma ya ceto uku. Ɗan'uwa, ba ka makara ba.

Kun ga bencin can? Nan nake haɗuwa da wani abokina duk Asabar mu zagaya tare. Zaman ƙasar waje yana da kaɗaici irin wanda ba a faɗa wa na gida. Mutum ya yi kwana uku ba wanda ya kira sunansa, daga aiki sai ɗaki. Na lura a irin waɗannan kwanakin ne na fi cin abin leda, na fi kwana ido biyu. Jami'ar Harvard ta fara bin rayuwar wasu mutane tun 1938, kuma abin da ya fi fitowa fili a binciken shi ne waɗanda ke da kyakkyawar alaƙa da mutane sun fi lafiya a tsufansu. Ni dai abin da na gani da idona, ranar da na san yana jirana a bencin nan ba na fasa fitowa, ko da ƙanƙara ake yi.

Mun dawo gida, na huta fiye da rabin awa, don ba a gwaji da zarar an gama motsa jiki ko an sha kofi. Ga na'urar gwada hawan jini. Irinta na aika wa ƙannena uku, na ce kowa ya gwada ya turo mini hoton lambar. Biyu lafiya lau, ɗaya nata ya hau, tana da shekara 38, yanzu tana ganin likita. Ku ga yadda ake zama: baya a jingine, tafin ƙafa biyu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, a ɗaura a kan fata ba a kan riga ba. Jiya 128 bisa 82 na samu, na rubuta a littafin nan da zan kai wa likita. Bari in danna. Zan yi shiru na ɗan lokaci, domin ba a magana in tana aiki.