Jawabi kan riƙon yara bayan mutuwar aure, a taron ƙungiyarmu a Manchesta

Assalamu alaikum. Malam Shugaba, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan uwa, barkanmu da war haka.

Tambaya ɗaya ce ta kawo ni, wadda ba a yi mini ita a zaure, sai an tashi taro a ja ni gefe a wajen ajiye motoci: idan aure ya mutu, yara na wa ne?

A gida mun saba uba ya kwashi yara ya kai wa mahaifiyarsa, shi ke nan. To ko a can ba haka malaman Malikiyya suka ce ba. Riƙo na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta, ci da sha da sutura kuma suna wuyan uba. A nan Ingila kuwa, dokar yara ta 1989 abin da zai fi wa yaro alheri take sa alƙali ya duba. Jami'an Cafcass, hukumar da ke ba kotun iyali shawara kan yara, ma sukan zauna da yaron su ji ta bakinsa.

Inda gizo ke saƙa shi ne kai yara gida da sunan "hutu". Na ga uwa ta jawo aljihun da take ajiye fasfo ɗin yaranta ta tarar da shi wayam, kafin magariba an kira ta daga Kano wai sun sauka lafiya, Hajiya za ta riƙe su. Iyayena maza, wannan a dokar 1984 satar yaro ce, in bai kai shekara 16 ba kuma uwarsa ba ta yarda ba, ɗaurin wanda ya fitar da shi na iya kai shekara 7. Wasu na taƙama da cewa Nijeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1980 kan mayar da yaran da aka sace aka kai wata ƙasa. Gaskiya ne, amma kai a nan kake zaune. Kotu na iya karɓe fasfonka ta ce ka dawo da su, ka ƙi a tsare ka. Uwa ma in ta yi, haka ne.

Ciyarwa kuma lissafi ne: a kan yaro ɗaya kashi 12 cikin 100 na albashi kafin haraji, biyu 16, uku zuwa sama 19, ga mai matsakaicin samu. Yana raguwa in yaro na kwana wajenka dare 52 ko fiye a shekara. Kuma "ta hana ni ganinsu, ba zan biya ba" ba ta karɓuwa, kowanne ƙofarsa daban.

Wanda aka ɗaura aurensa a masallaci kawai ba a yi rajista ba, ya koma gida yau ya duba takardar haihuwar ɗansa. Tun Disamba 2003, sunanka a jikinta ne ke ba ka haƙƙin uba.

Galibi kafin kotu ta saurare ku sai an fara zaman sulhu. Mai tambaya ya same ni bakin ƙofa bayan la'asar, iyayenmu mata su fara. Na gode.