Kafin ka sa wa tsohon mashin fitilar LED

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Wannan da kuke gani Honda CG125 ne, na mahaifina. Ya fi ni shekaru, kuma har gobe kik ɗaya yake tashi. Honda ta fara fitar da irinsa a 1975, ta ƙera injin ne musamman don ƙasashen da ba a cika yi wa mashin sabis a kan kari ba, shi ya sa yake da ran ƙarfe. Matsalarsa ɗaya: dare na yi, fitilarsa ta zama aci-balbal.

Ku kalli bangon nan. Mashin yana silo, hasken ja ne, kamar zai mutu. Na murɗa totur, ya ɗan farfaɗo. Na saki, ya koma. Dalili shi ne fitilar gaba ba daga batir take shan wuta ba. Kai tsaye take sha daga koyil ɗin da ke cikin magneto, ɗan janareton da ke gefen inji. Wutar AC ce, wadda ke hawa da sauka tare da gudun inji. To ku duba abin haushin: a ina mutum ke rage gudu? A kwana, a rami, a gangara irin ta unguwanninmu na Jos masu duwatsu. Daidai inda kake neman haske, nan yake guduwa.

Abin da kowa ke yi shi na fara yi. Na sayo ƙwan LED, na cire tsohon, na ɗaura. Daren farko har maƙwabta sai da suka leƙo. Dare na uku, ina dawowa ta Farin Gada, ya yi ta ƙyaftawa, can ya ɗauke ɗif. Da fitilar waya a baki na ƙaraso gida. Laifina ne. Yawancin ƙwayayen LED wutar DC suke so, mai tsayuwa wuri ɗaya irin ta batir, ni kuma na ɗora shi a kan wutar da ba ta da linzami. Da na kai wa mai wayarin ɗinmu, dattijo ne, ya juya ƙwan a hannu ya ce, "Yaro, ka sayo rawani ba ka da riga." Na ce, "Baba, to daga ina zan fara?" Ya nuna min ƙarƙashin kujera.

Nan za mu fara mu ma. Na ɗage kujera da tanki. Kun ga wannan ƙullin na salatif? Shekara da shekaru duk wanda waya ta tsinke masa sai ya murɗe ta da hannu ya naɗe. Na warware guda, ga shi, jan ƙarfen ya koma kore, yana marmashewa. Kowane irin wannan ƙulli yana cin rabonsa na wuta kafin ta isa fitila. Yanke su za ka yi, ka haɗa da dalma ko ka sa soket mai kyau. A tsarin Honda koriyar waya ita ce nagetif, mai komawa jikin ƙarfen mashin. Bi ta har inda aka ɗaure ta, ka kwance notin, ka goge tsatsar da samfefa sai ƙarfe ya yi fari. Wannan kaɗai, ban sayi komai ba, hasken ya ƙaru yadda ido ke gani.

Sai maganar bolt 6 da bolt 12, wadda nan ne asalin aikin yake. Tsofaffin irin wannan da bolt 6 suka zo. Ƙwai mai wat 35 a kan bolt 6 yana jan kusan amfiya 6. A kan bolt 12 kuwa kusan 3 kawai. Wutar da ake ja idan ta yi yawa, asarar da ake yi a tsohuwar siririyar waya ita ma ta yi yawa. Ga kuma wahalar kasuwa: shiga Dilimi ka ce kana neman ƙwai ko batir na bolt 6, ka ga yadda za a yi ta tura ka daga shago zuwa shago. Na bolt 12 kuwa ko a ƙauye ka samu.

Sa'ar da muka yi, mashinan China da yawa da suka cika gari kwaikwayon injin CG aka yi, don haka kayansu kan hau. Na ce kan hau, ban ce dole ba. Ramin tsakiyar magneto yakan bambanta, saboda haka ɗauki tsohon naka ka tafi da shi kasuwa, a gwada a gabanka. Abin da za ka canza: koyil ɗin wuta, rektifaya mai daidaita caji, batir, hon, filashar tarafiketa, da duk ƙwayayen fitila har na mita. Ka manta guda, shi zai fara ƙonewa.

Tunda an riga an buɗe magneto, ni a nan na rabu da kwantak, tsohon tsarin ba filogi wuta, na koma CDI, ɗan akwatin lantarki mai yin wannan aikin. Kwantak ba shi da laifi, amma yana son a riƙa goge shi ana saita bakinsa, tsakanin milimita 0.3 da 0.4, kuma yaran gareji na yanzu da yawa ba su taɓa riƙe shi ba. CDI babu abin da ke gogar wani a cikinsa. Ya lalace, ka zare ka soka wani. Da asubar hunturu a Jos, lokacin da yatsu ba sa lanƙwasuwa, za ka gode wa Allah.

Yanzu ga mitar awon wuta a kan batir. Inji a kashe, bolt 12.6. Na tayar, na ba shi wuta: ya kamata ya tsaya tsakanin 13.5 da 14.5. Idan ya wuce 15, rektifaya ba ta aiki, kada ka sa komai tukuna.

To sai yanzu LED. Daga batir na jawo sabuwar waya, na sa fiyus mai amfiya 10 dab da kan batir ɗin, ta bi ta rile, wato ɗan makunni mai aiki da wuta, rile kuma yana karɓar umarni daga baƙar wayar da ke samun wuta idan an murɗa makulli. Haka fitila ba za ta kwana a kunne ta shanye batir ba. Kada ka yi zari wurin wat. Cajin waɗannan mashina kaɗan ne. Ƙwai mai wat 12 zuwa 18 ya isa. Kuma ni ban son farin nan mai shuɗi-shuɗi. A cikin hazo dawo maka yake a ido kamar bango. Mai ɗan ruwan ɗorawa ya fi daɗin tuƙi.

Ƙananan abubuwa biyu da sauri. Sukurorin murfin inji na Japan ba irin na Phillips ba ne ko da sun yi kama, shi ya sa sukundireba ke cinye kansu. Na maye su da masu kan alanki. Na kuma sa ƙaramar filtar mai ta roba tsakanin tanki da kafireto, saboda tsatsar tsohon tanki da man bumburutu.

Saura saiti. Ga shi dare ya yi. Mashin yana mita 5 daga bango, ƙanena na zaune a kai don nauyi. Na auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, na ja layi da alli a bango daidai wannan tsayin. A dim, saman hasken ya tsaya kamar santimita 5 ƙasa da layin. Namu ya haura, zai kashe wa mai tahowa ido. Sassauta notin gefe, danna kan fitilar ƙasa kaɗan. Ƙara kaɗan. Yawwa, tsaya nan, ɗaure. Yanzu saki totur ɗin gaba ɗaya, bar shi a silo, mu ga bangon.