Darasin hoto daga Birni: farar riga, baƙar fuska da ranar Damagaram

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Yau muna cikin Birni, bayan fadar Sarkin Damagaram, a ƙofar wani zaure da mai gidan ya ba mu izini. Ɗan ƙanena ne ke riƙe da wayar da kuke ganina da ita, wansa kuma ya saka farar shaddarsa ta Juma'a don mu gwada abin a kansa.

Ni ba mai hoto ba ne na sana'a, ban taɓa buɗe shago ba. Tun ina lekol abin ya shiga raina, ranar da mai hoto ya zo ya jera mu a gindin bedi ya ɗauki kalas ɗinmu. Da hoton ya fito na kwana uku ina kallonsa, ina tunanin yadda aka yi inuwar ganye ta zauna a kafaɗar mushenmu. Yanzu furfura ta fito, kuma ban gama koyo ba.

Darasin yau ya samo asali ne daga wani baƙin ciki nawa. Lokacin da na sayi kyamarata ta farko, 'yar hannu ce, fim ake saka mata mai hoto 36. Bikin ƙanwata ya zo, na ce a bar mini ɗauka. Da azahar aka ɗaura aure, dattijai duk cikin fararen riguna da rawani, rana tsaka. Na ɗauka, na kai wanki, na jira kwanaki. Da aka miƙo mini ambulan, rigunan sun fito tsaf, har zaren aikin wuya kana gani, amma fuskokin baƙi ƙirin. Kakanmu yana cikin hoton nan, shi ne hotonsa na ƙarshe, kuma ba ka gane shi sai da sandarsa. Har yau abin yana ci mini rai, shi ya sa ba na so ya faru da ku.

To me ya jawo? Kyamara, ko ta waya ko babba, tana da ma'aunin haske a cikinta, kuma ma'aunin nan buri ɗaya gare shi: ya tattara duk abin da ke gabansa ya mai da shi tsaka-tsaki, kamar ruwan toka. In ya ga farar riga ta cika wuri, sai ya ce haske ya yi yawa, ya rage. Rigar ta koma toka-toka, fatarmu kuwa da ma mai duhu ce, sai ta nutse gaba ɗaya.

Kai, fito tsakar rana tukuna. Yawwa, tsaya nan. Ku duba idanunsa, sun zama ramuka biyu, hular ta jefa masa inuwa har kan hanci, yana kuma ƙyafta ido. Ga shi ma la'asar ce. Da ƙarfe ɗaya ne, da abin ya fi haka muni, don ranar tana bisa kai daidai.

Yanzu ja da baya, shiga bakin zauren. Kar ka lume ciki, taku ɗaya kawai daga inda rana ta tsaya, ka fuskanci waje. Kun gani? Rairayin ƙofar gidan nan shi ke karɓar rana yana mayar masa da ita a fuska, a hankali, bayansa kuma duhun zaure. Har ɗan ɗigon haske ya fito a ƙwayar idonsa. Wannan ɗigon shi nake nema a kowane hoton mutum, in babu shi sai fuskar ta yi kamar ta mai barci. A ganina babu ɗakin hoto da ya kai bakin zaure, kuma ko dala ba ka biya ba. Seydou Keïta na Bamako, wanda duniya ta san hotunansa, da hasken rana ya yi yawancin aikinsa a tsakar gida, yana rataya zane mai ado a bayan mutane.

Sai mu gyara ma'aunin. Mai waya, taɓa fuskar a kan allo, ba rigar ba. Wata 'yar alamar rana za ta fito a gefe, ka ja ta sama kaɗan har fatar ta fito da launinta na gaskiya. Mai babbar kyamara, nemi maɓallin da ke da alamar ƙari da ragi, ka kai shi +1. Kowane mataki ɗaya ninka hasken yake yi sau biyu, don haka a yi hattara, in ka kai +2 rigar za ta ƙone, aikin dogon lokaci da maɗinki ya yi ya ɓace. In dole sai ɗaya ya tafi, ni dai rigar nake bari ta ƙone. Mutumin aka zo gani.

In gefe ɗaya na fuskar ya yi duhu, ba sai ka kunna filasha ba. Kawo farin zanen nan, ɗana. Riƙe shi daga ƙasa, ɓangaren inuwa, ka ɗan karkata shi. Kun ga ƙarƙashin haɓarsa ya buɗe? Faranti ma yana yi, sai dai haskensa na da kaifi.

Wasu sun tambaye ni dawakin hawan Sallah. A taƙaice: saurin ƙiftawar kyamara ya kai 1/1000 na daƙiƙa, in ba haka ba ƙafafun doki su narke. Ka sa rana a gefenka, don ƙurar da kofato ke tayarwa ta yi ja. Wannan darasi ne mai zaman kansa, sai Sallah ta matso.

Batun ƙura kuwa, hunturu abokin mai hoto ne kuma maƙiyinsa. Hazo yana tausasa rana kamar an shimfiɗa mayafi a sama, fuska ta yi kyau ko da hantsi. Amma kar ka kuskura ka canza gilashin kyamara a fili, kar kuma ka goge shi da bakin riga. Ƙurar nan yashi ce, tana karce gilashi. Hura ta tukuna, sannan ka shafa da ƙyalle mai laushi. Ni da ɗankwalin matata nake naɗe tawa kafin in hau kabu-kabu.

Kuma don Allah a nemi izini. Tsohuwa mai tallan ƙuli-ƙuli a kasuwar Dole ba dutse ba ce. Gaishe ta, tambayi jikoki, in ta yarda ka ɗauka ka nuna mata, in ta ƙi ka yi godiya ka wuce.

Aikin gida: ku sami mutum ɗaya mai farar riga, ku ɗauke shi sau uku a wuri ɗaya, da sassafe, da azahar, da bayan la'asar, ku jera hotunan ku kalli idanunsa kawai.

Juyo da wayar nan wajen bangon can. Ɗazu da muka zo zanen da magina suka yi masa a shafe yake kamar babu, yanzu da rana ta kwanta tana bugunsa ta gefe, kowane dagi ya taso da inuwarsa. A nan ƙasar rana ba ta jinkirin faɗuwa, saura mana 'yan mintuna kafin magariba. Ɗauko jakar, mu matsa kusa.