Wane irin azumi ne ake shan ruwa da tsakar rana?

Jama'a, barkanmu da warhaka. Ku dubi goshin mutanen nan da ke fitowa daga babban cocin Katolika na Garwa. Wannan baƙin tambon toka ce. Ranar 18 ga Fabrairun 2026 ke nan, Larabar Toka, farkon azumin kwana 40 da muke ji maƙwabtanmu Kiristoci na kira Karem, kuma a makon ne aka kama Ramadan. Tun daga ranar ake ta tambaya a WhatsApp: mutum ya ce yana azumi, ga shi riƙe da gorar ruwa rana tsaka, wannan kuma wane irin azumi ne?

Bari mu bi ta kan wanda kowa ya sani a gurguje. Kusan duk addinin da ka leƙa za ka tarar da wurin ibada, da littafi, da shugabanni, da ranakun da aka keɓe. Ga masallaci, ga coci. Ga liman, ga fada. Ga carbi mai ƙwaya 99, ga nasu mai 59. Azumi ma bai tsaya kanmu ba. Yahudawa na da ranar da suke kame baki kusan awa 25, ba ci ba sha. Kiristocin Habasha kan yi kwana 55 ba nama, ba madara, ba ƙwai.

To, a nan ake yin tuntuɓe. Da mun ji an ce azumi, sai mu ɗauko mudunmu mu auna: sahur, kame baki, buɗa-baki da kunun gyaɗa. Namu da lokaci yake tafiya, daga alfijir zuwa faɗuwar rana. Na Katolika kuwa yawan abincin yake dubawa, da irinsa.

Ku saurara da kyau. Ranakun da dokarsu ta wajabta rage ci guda biyu ne: Larabar Toka, da Juma'ar ƙarshe kafin Ista, bikin da suke tunawa da tashin Yesu daga matattu. A ranakun, ɗan shekara 18 zuwa 59 zai ci cikakken abinci sau ɗaya tak, sai ɗan abin taɓawa sau biyu, wanda ko an haɗa bai kai ci ɗaya ba. Ruwa ba ya karya komai. Mara lafiya kuwa an ɗauke masa. Sannan duk Juma'ar da ke cikin Karem, daga shekara 14 zuwa sama, ba a cin nama. Kifi ya halatta. Kun ga giwan ruwan nan da aka fito da shi daga Binuwai? Ranar Juma'a mai tsire ya yi haƙuri, kasuwar ta mai kifi ce. A da dokar ta fi haka tsanani, Fafaroma Paul na shida ne ya sassauta ta a 1966.

Sauran kwanakin fa? Kowa zai zaɓi abin da ransa ke so ya bar shi, wani taba, wani giya, wata shayi mai sukari, ya ƙara addu'a, abin da ya rage a aljihu ya kai wa mabukaci. Ni dai a ganina wannan ba ƙaramin aiki ba ne, domin babu taron jama'ar da ke jiran magariba tare da kai, kai da zuciyarka ne. Don haka raha da ake yi musu a kan ruwan nan ba ta yi mini daɗi ba.

Tokar kuwa, ganyen dabino ko na kwakwa da suka riƙe a Lahadin ƙarshe kafin Istar bara ne ake ƙonawa. Fada na shafawa yana tuna wa mutum cewa daga turɓaya yake, kuma ga turɓaya zai koma. Babu Musulmin da wannan maganar za ta zame wa baƙuwa.

Saura masu cewa lissafin kwana 40 bai fita ba. Ga kalanda. Daga 18 ga Fabrairu zuwa 4 ga Afrilu, jajibirin Ista, kwana 46 ne. Ku cire Lahadi shida, domin ba a azumi ranar Lahadi. Nawa ya rage? 40.