Ciwon kafaɗa: yaushe likita ke cewa a yi aiki, yaushe yake cewa a je gashi?

(Lacca ce da wani likitan ƙashi ya gabatar wa 'yan kasuwa da 'yan dako a wani ɗakin taro a Agege, Legas. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa.)

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. A ɗan rage fankar nan, tana kwashe min takardu. Iyayena da 'yan'uwana, abu huɗu na zo da su, abubuwan da muke dubawa kafin mu ce wa mai ciwon kafaɗa za a yi masa tiyata ko ba za a yi ba. In lokaci ya bar mu za mu taɓa duka.

Amma bari mu fara sanin kafaɗar. Kowa ya ɗora hannu a kan tasa. Alhaji, taka na ce, ba ta maƙwabcinka ba. (Dariya.) Kan ƙashin dantse zaune yake a kan wani ɗan gurbi marar zurfi, kamar ka ɗora lemo a kan murfin kwalba. Shi ya sa hannu ke juyawa ko'ina, shi ya sa kuma yake saurin gocewa. Abin da ya riƙe shi tsokoki ne huɗu da suka taso daga allon kafaɗa, jijiyoyinsu suka zo suka lulluɓe kan ƙashin kamar bakin hannun riga. Ta sama ce ta fi yagewa, don tana bi ta ƙarƙashin wani ƙashi mai kama da rumfa, duk ɗaga hannu sai ta gogu. Alamar da kowa ke kawo mana ita ce ciwon dare: mutum ba ya iya kwanciya a kan wannan ɓarin, sa riga ya zama aiki, ɗauko abu a saman kanta sai da cije baki.

Na farko ke nan, tambayar da nake fara yi: yaya abin ya faro? Faɗuwa ka yi, ko a hankali ya zo? Akwai tela a nan? Yawwa, Malam, kai za ka zama shaidata. In aka kawo maka sabuwar shadda da ƙusa ta kece, ai ɗinki ɗaya ka haɗa ta, ta zauna. In kuma aka kawo maka tsohuwar riga da ta sha wanki shekara 20 har ta ruɓe a kafaɗa, kana soka allura zaren na fita da ƙyallen. Jijiya ma haka take. Akwai yagewar sabuwar shadda, akwai ta tsohuwar riga, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Ku saurari wannan da kyau. A 1995 wasu likitoci a Amurka suka tara mutane lafiyayyu, waɗanda kafaɗarsu ba ta ciwo ko kaɗan, suka sa su a na'urar MRI, mai ɗaukar hoton tsoka da jijiya. Cikin waɗanda suka haura shekara 60, fiye da rabi an ga jijiyarsu da yagewa, wasu ma ta huje gaba ɗaya. Ba sa jin komai! Ma'ana, in na kwashi dattawan layin gaban nan na kai su hoto yau, sai na samo yagewa a da yawansu, alhali su ne suka ɗaga hannu suka yi min sallama ɗazu. Baba, kada ka tsorata, ba kai ka zan yi ba. (Dariya.)

Akwai wani dattijo da ya zo mini, shekara da shekaru yana dakon albasa a kasuwar Mile 12. Ya shigo da katuwar ambulan a hammata, ya ajiye min a tebur kamar takardar kotu, ya ce, likita, an ce jijiyata ta tsinke, na sayar da rago na yi hoton nan, yaushe za a yanka ni? Ban buɗe ambulan ɗin ba tukuna. Na ce, Baba, cire hularka ka mayar. Ya cire, ya mayar, da hannun da ake cewa ya lalace. Na ce ɗaga hannun gefe, in danna, kai kuma ka hana ni. Wallahi sai da na sa ƙarfi. Na ce masa gashi za ka je, wata 3. Ransa bai so ba, yana ganin na raina kuɗin ragonsa. Da ya dawo barci yake yi har a makara sallar asuba, wannan kuma ba laifina ba ne. Hujin na nan bai toshe ba, ragowar tsokokin ne suka yi ƙarfi suka karɓi aikin. An ma bincika wannan a Amurka, aka buga a 2013: masu yagewar da ba ta faɗuwa ba ce, da aka sa su motsa jiki a ƙarƙashin masu gashi, kusan 3 cikin 4 ba su buƙaci tiyata ba har bayan shekara 2. Kuma in na ce gashi, ba ruwan zafi da man shafawa nake nufi ba, atisaye ne da ake koya maka, kana yi kullum a gida. Kullum fa. Kullum.

Ita kuwa sabuwar shadda ba a yi mata jinkiri. Saurayi ya faɗo daga kan tirela wajen sauke kaya, ko babur ya kayar da shi, jiya lafiya lau, yau hannu ya ƙi ɗaguwa. An yi hoton ƙashi an ce babu karaya, sai ya ce alhamdu lillahi, targaɗe ne. Hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, jama'a. Sai sikanin ko MRI. Wannan muna so mu ɗinke shi cikin 'yan makonni, don jijiyar da ta tsinke tana janyewa baya kamar roba, tsokar kuma in ta daɗe ba ta aiki kitse ke maye gurbinta, kuma kitsen nan ba ya komawa tsoka. Haka wanda ya wuce shekara 40 kafaɗarsa ta goce aka mayar, hannu ya ci gaba da rauni, a duba jijiyar.

Ina muke, na uku? Na biyu? To ku haɗa su. Girman hujin: ƙasa da santimita 1 ƙarami ne, ya wuce 5 mun shiga babban aiki. Sai shi mutumin: shekarunsa, sana'arsa, hannun da yake cin tuwo da shi ne ko ɗayan. Ciwon suga da taba suna hana ɗinki kamawa. Allurar da muke yi a kafaɗa tana kashe zafi na ɗan lokaci, ba ta ɗinke komai, yawanta na raunana jijiya, tana kuma ɗaga suga. Masu shan maganin kashe zafi na diclofenac kamar gyaɗa, ku ji tausayin cikinku da ƙodarku. In huji ya yi girman da ba ya ɗinkuwa, gaɓar kuma ta cinye, akwai gaɓar ƙarfe da wani likitan Faransa, Paul Grammont, ya ƙirƙiro a shekarun 1980, wannan ta tsofaffi ce, mu bar ta. Na huɗun kuma... ga hannu can a baya. Bismillah.

(Wani daga cikin taro: Likita, ni buhu nake ɗauka. In aka yi min aikin, kwana nawa zan koma kasuwa?)

Kwana? Ɗan'uwa, wata za ka ce. Ai da wannan ya kamata in fara. Ko da ta 'yan ƙananan huji aka yi aikin da kyamara, ciwon waje ne ke saurin warkewa, jijiyar da aka ɗaure a jikin ƙashi tana nan ɗanya. Hannu zai zauna a rataye mako 4 zuwa 6. Bayan nan mai gashi ya fara motsa maka shi, sannan kai ka fara da kanka, ƙarfafawa sai wajen wata na 3. Buhu mai kilo 50 kuwa, kada ka sa rai kafin wata 6. Wanda ya koma da wuri ɗinkin ke ɓallewa, kuɗi sun tafi, hannu ya koma gidan jiya. Don haka kafin in rubuta ranar aiki nakan tambaya: wa zai ciyar da gidanka wata 6? Wa zai kai ka gashi, da cunkoson garin nan, daga Agege zuwa asibitin Igbobi ko na Idi Araba? In babu amsa, muna zama mu sake lissafi tare, wani lokacin mu fara da gashin. Shugabannin 'yan dako da ke nan, wannan maganar asusun taimako taku ce, ni tawa allura da zare.

Kai da ka yi tambayar, naka faɗuwa ka yi ko a hankali ya zo? Faɗuwa? Yaushe? Sati biyu? To kada ka tafi, ka same ni a bakin ƙofa in an idar da sallah, ka zo da hular nan taka.